Naman da Ba a Faɗar Sunansa

Cikin Meerim na shiga wata na huɗu abinci ya ƙi ta. Ba ciwo take yi ba, sai dai ta kai loma baki ta dawo da ita. An yi mata taliya da naman rago, an ba ta gurasa mai zafi da man shanu, an aika har garin da ke can gangare an samo mata tuffa. Takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ture gefe. Yarinyar da aka kawo gidan da kumatu kamar gurasar da ta tashi, ga ta nan wuya ya fito, zobe yana yawo a yatsa. Mijinta Adilet yana can Rasha wurin aikin gini, sai dai waya, don haka nauyinta duk yana kan iyayensa, Tekebai da matarsa Kalica.

Kun san yadda abin yake a wajenmu. Mai ciki in ta ɗora ranta a kan wani abu, sai an nemo mata shi ko a bakin kyarkeci yake. Tsofaffi na cewa in ba a nemo ba, yaron zai zo yana dalalar da miyau har ya yi gemu. Kalica ta yarda da wannan sarai. Tekebai bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Shi wuyan yarinyar kawai yake gani.

Wata safiya Kalica ta tsare ta a madafa. "'Yata, faɗa mini abin da ranki ke so. Ko mene ne, kada ki ji nauyi."

Meerim ta sunkuyar da kai. "Hantar mai gemu, Mama."

Kafin azahar an kayar da bunsurun gidan, bawan Allah da bai ci ba bai sha ba. Aka gasa hantar aka kawo mata. Ƙamshin na dukan hancinta ta toshe baki ta yi waje.

"Ba wannan ba, Mama," in ji ta da ta dawo, ido duk hawaye. "Na sama."

"Wane sama kuma?"

Sai ta ɗaga haɓa wajen duwatsu, kunnuwanta suka yi ja.

Sai Kalica ta zauna a kan buhun gari tana dariya har da dafe ciki. Bunsurun dutse ai teke muke ce masa, kuma shi ne rabin sunan mai gidan. Wace surukar kirki ce za ta kama sunan uban mijinta, ko da a jikin dabba ne? Ita kanta Kalica tun da aka kawo ta gidan kalmar ba ta taɓa fita bakinta ba, "mai ƙahon nan" take cewa. Meerim kuwa a kwarinsu "mai gemu" mata ke cewa. Mata biyu a madafa ɗaya, kowace da hanyar da take kauce wa kalmar, shi ya sa suka kasa haɗuwa.

Kalica ta iske Tekebai a tsakar gida yana ɗinkin linzami. "Tsoho, an gano bakin zaren. Sunanka take so ta ci."

Tekebai ya ajiye basilla. Bai yi dariya ba. Ya dubi duwatsun, ya ce, "Shi ke nan? Ki ce mata ta wasa haƙoranta."

Yana da dalilin faɗin haka. A duk kwarin babu mai harbin nesa irinsa. Wani Bature da ya daɗe yana yi wa jagora ya bar masa bindiga mai dogon baki, da madubi a kanta mai kaurin kwalbar shayi. Da ita Tekebai ke kwantar da bunsuru daga inda wani ba ya ma ganin akwai dabba. Izinin bunsuru biyu aka ba maharban ƙauyen a kakar nan, ɗaya ya faɗo kansa, ɗaya kan sa'ansa Orozali.

Washegari ya ɗaura sirdi. Da hantsi ya ɗaure dokin a gindin wani dutse, ya hau da ƙafa, ya kwanta rub da ciki a bakin babban kwazazzabo. Can a ɗaya gefen, ga garken nan a jikin bango kamar an watsa tsaba. Ya zaɓi wani babba mai baƙin gemu. Ya auna nisa, ya haura mita ɗari shida. Ya naɗe rigar sanyinsa ya ɗora bindigar a kai.

Wannan lokacin ne Tekebai ya fi so a duniya, ya fi son sa da naman ma. Ya dubi ciyawar da ke can tsallake ya ga inda ta karkata. Ya dubi garin ƙanƙarar da iska ke sharewa daga kan tsauni. Wani hankaka ya gitta ta tsakiyar kwazazzabon, ya lura da yadda iska ta ture shi. Ya murza madubin kaɗan, ya ƙara kaɗan. Duniya duk ta tattaru ta koma 'yar da'ira guda, da bunsuru a tsakiyarta yana tauna abinsa, bai san da wani mutum a ƙasar Allah ba. Zuciyar Tekebai ta kwanta lub, kamar ta mai sallah.

A ƙarƙashin bunsurun akwai fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, mai sulɓi, da ƙanƙara a kansa, ya gangara har bakin rami. Ya gan shi fa, kada wani ya ce bai gani ba. Abin da ya kamata shi ne ya jira dabbar ta matsa kan ciyawa. To amma sai iskar ta ɗauke cak, irin ɗaukewar da maharbi kan wuni yana roƙo bai samu ba. Ya yi bisimilla, ya saki rabin numfashi, yatsa ya ja kunamar bindigar.

Akwai ɗan tsakani bayan ƙarar, wanda harsashi ke tafiya a sarari shi kaɗai, ba na maharbi ba, ba na dabba ba. Sai ya ga ƙura ta tashi daidai bayan kafaɗa. Sannan sautin dukan ya dawo masa, tim. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

Bunsurun ya durƙusa, ya kife, ya fara sulalewa a kan fan nan. Tekebai yana kallo ta madubi, yana cewa "tsaya, tsaya" kamar dabbar na jin sa. Ta wuce bakin ramin, ta faɗa, ta maƙale a wani ɗan tudu a tsakiyar bangon, inda ba hanya ta sama, ba ta ƙasa.

Ya zaga da doki, ya hau, ya ɗaura igiya a dutse ya zura. Ko rabi ba ta kai ba. Ya gwada ta gefe har farcensa ya fashe, duwatsu na zubewa a ƙarƙashin takalminsa. Kafin la'asar ungulaye sun sauka. Yana tsaye a sama yana kallo suka fasa cikin, kuma da hantar suka fara.

Da ya shigo gida Kalica ta dubi sirdin, ta gan shi wayam. Meerim ta zuba masa shayi ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa. Ya ga ƙashin wuyan hannunta. Shayin nan bai shiga ba.

Da safe ya nufi gidan Orozali. Tare suka yi kiwo suna yara, tare suka yi soja, kuma tun daga lokacin ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Orozali da ya tsufa sai ya koma haɗa baka irin na kakanni, da ƙaho da itace da jijiya. A wasannin biki ba mai kama ƙafarsa wajen harbin allo. Amma kaka biyu ke nan yana bin bunsuran dutse da bakan nan bai kawo ko gashi ba, har ana cewa sun saba da shi, in ya hau gaishe shi suke yi.

Ya iske shi yana gyaran gashin kibiya. Orozali bai ɗago ba. "A'a, Bunsuru da kansa. An ce jiya ka yi wa ungulaye walima."

"Labari ya riga ni."

"Ungulu ba ta ɓoye godiya. Daga nan muke hango su suna kewayawa."

Tekebai ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Ba wasa ya kawo ni ba. Ka bar ni in harbi naka. Nama naka, ƙaho naka, fata taka. Hanta kawai nake so."

"Na ji batun yarinyar. Allah Ya raba lafiya." Orozali ya juya kibiyar a hasken taga. "Amma nawa da baka za a kashe shi. Kafaɗar nan tawa ba za ta ja tsirkiya baɗi ba, na sani. Bana ce ko babu."

"Da tsinken sakacen nan? Yarinya na ƙarewa kai kana wasan yara."

"Kai da ka tafi da igwa, me ka kawo mata?"

Suka ja, suka ja, matar Orozali ta sake shayi har sau biyu. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Za su hau tare. Tekebai zai ɗauki bindigarsa, amma harsasan a aljihun Orozali. Yinin farko duka na baka ne, da safiyar na biyu. In rana ta take tsaka a na biyun ba a yi komai ba, Orozali zai miƙa masa harsashi.

"Kuma ka cire agogon nan," in ji Orozali. "Ƙyallinsa sai ya tashi garken da ke ƙasar Sin."

Yinin farko Tekebai ne ya ɓata shi. Sun hango garke a wani gangare mai ciyawa, wuri shimfiɗaɗɗe, inda dabba za ta faɗi ta zauna. Da bindiga, da tuni an gama. Ya ciji leɓe, ya ce shi ya san wani lungu da zai kai su kusa. Orozali ya tambaye shi iska. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Babu wata iska. Wannan ko faɗin farce ba za ta ture harsashi ba." Gaskiya ya faɗa, ɗan huci ne kawai yake shafar ƙeyarsu. Ba su yi nisa a lungun ba suka ji fito, siririn fiton nan da tsohuwar akuya ke yi. Kafin su leƙa, gangaren ya zama wayam.

Orozali ya zauna a kan dutse ya daɗe yana kallon sa. "Kai iska a wurinka abin da ke ture harsashi ne. A wurina 'yar tsegumi ce. Wannan ɗan hucin da ka raina, shi ya je ya gaya musu ga tsoho nan tafe yana warin taba da man bindiga."

"Ka ba ni harsashin yanzu mu huta. Na ga inda suka bi."

"Gobe da tsakar rana muka ce."

"Orozali, ba don kaina nake roƙo ba."

"Na sani. Shi ya sa ban ce jibi ba."

Suka kwana a bukkar makiyaya, suka ci gurasa da busasshen nono. Da gari ya waye suka bar dawakin suka kama hawa, ba wajen garken ba, sama da shi. Bunsurun dutse ƙasa yake tsaro, don daga ƙasa kyarkeci ke zuwa. In rana ta ɗumama duwatsu kuma iska sama take hawa, ta tafi da warin mutum. Tekebai ya san duk wannan tun yana saurayi, amma bindigar ta daɗe da ɗauke masa buƙatarsa. Mai harbi daga tsallaken kwazazzabo ina ruwansa da hancin dabba?

Hawan ya ci su. Gwiwar Tekebai na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, numfashi na yanka masa ƙirji. Duk inda ya ji kamar ya zauna, sai ya tuna hannun da ya miƙa masa shayi, ya ƙara taku. Da suka kai saman, suka leƙa. Garken na ƙasa da su, suna kiwo suna hawowa a hankali, da wani babban bunsuru mai tabo a hanci yana bin bayan akuyoyin.

Orozali ya cire takalmi ya saura da safar ulu, ya nuna wa Tekebai ya yi haka. Daga nan ba magana. Suka gangara da gindi, da ciki, da gwiwar hannu. In akuya ta ɗaga kai, sai su daskare a yadda suke, ko da ƙafa ɗaya na sama. Sau ɗaya Tekebai ya tsaya da tsinin dutse a ƙarƙashin haƙarƙarinsa har ya ji gefen jikinsa ya mutu, akuyar na kallon wajensu tana tauna, kamar mai tunanin a ina ta san su. Ƙanƙara ta jiƙa safar, yatsun ƙafa suka daina gaya masa komai.

Suka kai bayan wani dutse mai girman tanti, suka lafe. Sai garken ya zo ya same su. Tekebai ya kashe bunsuran dutse da bai san adadinsu ba, amma bai taɓa jin ƙarar haƙorinsu a kan ciyawa ba sai ranar. Ya ji warin babban, wari mai kauri kamar na tsohon bargo. Ya ga tururin numfashinsa, ya ga ƙaya maƙale a gemunsa. Nisan bai fi daga ƙofar ɗaki zuwa garken tumaki ba. Sai dai yana fuskantar su ne gaba da gaba, kuma kibiya ba ta da hanya ta nan. Wata akuya kuma ta matso har ana jin hucinta a ɗaya gefen dutsen.

Inuwar dutsen ta tattare ta shige ƙarƙashinsa. Rana ta take tsaka.

Orozali ya dubi inuwar, ya dubi bunsurun. Ya zura hannu a aljihu a hankali, ya fito da harsashi ɗaya, ya sa a tafin Tekebai ya rufe masa yatsu a kai.

Tekebai ya jawo bindigar, ya kai ido kan madubi don ya ga inda zai sa. Bai ga bunsuru ba. Wani hazo ne ruwan ƙasa ya cika da'irar, gashi ko dutse, oho. Madubin da aka yi don tsallaken kwazazzabo, a nan makaho ne. Ya kai hannu zai buɗe bindigar, ya tuna ƙarar ƙarfen a cikin sanyi, ga kunnen akuya a bayan dutse. Sannan ya lura da abin da ya fi ba shi mamaki. Hannunsa rawa yake yi. Shi Tekebai, da ake cewa ana iya ɗora kofin shayi a kan bakin bindigarsa.

Zai iya gwadawa duk da haka. Wataƙila ya samu, wataƙila garken ya watse ya harbi iska, su koma gida da labari. Ya dubi Orozali. Tsohon ya riga ya ɗora kibiya a tsirkiya tun ɗazu, kuma nasa hannun ko motsi ba ya yi. Kaka biyu na rarrafe ba su ba shi nama ba, amma sun koya masa zama kusa da dabba.

Tekebai ya kwantar da bindigar a kan ƙanƙara. Ya lalubo 'yar tsakuwa, ya nuna wa Orozali, ya nuna gangaren hagu da ido. Faɗuwar dutse ba ta tsorata su, kullum a cikinta suke, sai dai sukan juya su duba. Ya cilla ta da yatsa. Ta faɗi, ta gangara, ƙas, ƙas. Kawuna suka juya. Babban ma ya juya, ya ba da haƙarƙari.

Orozali ya tashi a kan gwiwa, bakan ya buɗe, leɓensa ya motsa da bisimilla. Ƙarar ba ta fi ta yage ƙyalle ba. Tekebai ya ga kibiyar da idonsa tana tafiya, ya ga ta nutse har gashi a bayan kafaɗa.

Garken ya fashe. Bunsurun ya zabura ya haye ɗan tudun da ke gabansu ya ɓace. Bayan tudun nan kuwa gangare ne, ƙarshen gangaren rami.

Tekebai ya yunƙura zai bi, Orozali ya cafke masa riga ya mayar da shi ƙasa. "Zauna."

"Rami ne a can."

"Na san rami ne. Bai san me ya same shi ba, bai ji ƙara ba, bai ga mutum ba. In ka bar shi zai nemi wuri ya kwanta. In ya gan ka, da sauran ƙarfinsa zai kai bakin ramin, ka sake yi wa abokanka walima."

"In kuma ya riga ya faɗa?"

"To gudunka zai dawo da shi? Sa takalminka. Ciro filas ka zuba mana shayi."

Tekebai ya ce daga baya, duk wahalar kwana biyun nan ba ta kai zaman nan ba. Da bindiga, kana harbi ka san matsayinka. Nan kuwa ga shi zaune da kofi a hannu, abin da ya zo nema yana bayan tudu, ko a kwance ko a ƙasan rami, kuma abin da zai iya yi masa kawai shi ne kada ya motsa. Yanzu ne kuma hannun Orozali ya fara rawa, har shayi na zuba masa a wando.

"Dube shi," in ji Tekebai. "Maharbi."

"Rufe mini baki. Kai da na ga kana kaɗa bindiga kamar mai tankaɗe."

"Sanyi ne."

"Sanyi ne mana."

Suka sha kofi na farko, suka sha na biyu. Tekebai ya miƙe, Orozali ya ce a ƙara ɗaya. Ya zauna, ya sha, bai ji ɗanɗanonsa ba. Wani hankaka ya wuce ta kansu ya nufi bayan tudun, ya bi shi da harara.

Da Orozali ya ce to, suka hau tudun a hankali. Ga jini a kan ƙanƙara, ja mai haske da kumfa, ɗigo nan, ɗigo can. Sawun ya miƙe tsaye zuwa ramin. Tekebai na bin sa. Sai sawun ya rage faɗi, ya karkace, ya nufi wani kurmin gajerun itatuwa. A nan suka same shi, ya naɗe ƙafafu kamar mai hutawa, ƙaho ya jingina da reshe. Daga inda yake, mutum na iya tofa miyau a ramin.

Orozali ya durƙusa ya dafa ƙahon, ya sunkuyar da kai. Tekebai ya juya baya yana gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba, har abokin nasa ya gama share hanci.

Aka fasa ciki. Hantar ta fito tana tururi, lafiyayya, ba tabo. Orozali ya ɗora ta a kan ƙanƙara mai tsabta a gefensa, ya ci gaba da fiɗa kamar ya manta da ita. Tekebai ya gane abin da ake jira. A al'adarmu duk wanda ya iske maharbi a kan abin da ya kashe, yakan ce "shiralga", maharbin kuma dole ya yanka masa rabo. Tekebai ya sha jin kalmar nan daga bakin mutane tun gemunsa na baƙi, amma shi bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ya gyara murya. "Shiralga."

Orozali ya karkato kunne. "Ka san tsufa. Me ka ce?"

"Shiralga, maharbi. Allah Ya tsine wa kurumtarka."

"Ya zama naka," in ji Orozali, yana dariya har tari ya kama shi. Ya naɗe hantar a ƙyallen gurasarsu ya miƙa masa. "Tafi. Sauran naman ni zan kai shi bukka, gobe ka dawo da doki."

Tekebai ya cusa ƙullin a cikin riga, ɗuminsa na taɓa cikinsa. Ya rataya bindigar ya kama gangara. Bai tsaya hutawa ba, gwiwa ta yi ƙararta ta gaji. Ya iske dokin, ya hau, ya ba shi linzami.

Ana kiran magariba ya shigo. Kalica ta karɓi ƙullin ba tambaya, ta yanka hantar sala-sala, ta barbaɗa gishiri, ta ɗora a kan garwashi. Tekebai bai shiga ɗakin ba, don yarinyar ba za ta iya ci a gabansa ba. Ya tsaya a waje yana sauke sirdi, yana goge wa dokin gumi, ya goge inda ya riga ya goge, kunnensa na wajen ƙofa. Ƙamshin ya fito ya cika tsakar gida. Yana jiran ya ji an banko ƙofa an yi waje da gudu. Ba a banko ba.

Can Kalica ta leƙo da faranti a hannu, ta karkata masa shi ya gani. Ko mai bai saura ba, an sharce da gurasa.

"Ta cinye?"

"Ta cinye, ta sha shayi kofi biyu da madara. Yanzu tambaya take, wai ko ƙodar ma ta zo."

Tekebai ya jingina goshinsa da wuyan dokin na ɗan lokaci. Sannan ya ɗago ya ce, "Ƙodar na wurin Orozali. Ki ce mata gobe kafin azahar. Ki sa mini gurasa a jaka tun yanzu, da sassafe zan fita."